Ashana 2,000 da Hasken Kaguwa: Abin da Ya Faru a Kulob ɗin Kimiyyarmu

Ranar wata Laraba ce cikin hunturu, bayan an tashi, muna ɗakin gwaje-gwaje na makarantar da nake koyar da fiziks a birnin Katsina. Tagogi a rufe suke, amma idan ka shafa tebur sai yatsanka ya fito fari da ƙura. Ɗalibai 20 na kulob ɗin kimiyya sun durƙusa a kan siminti, kowa da ma'aunin kusurwa na cikin kwalin lissafinsa, suna auna tsinken ashana 100 da muka watsa a ƙasa. Da monita ya gama danna kwakuleta sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, 18!" Ɗaki ya kaure da tafi. Ni ma na ji daɗi har cikin raina, domin lambar da muke ta nanatawa tun farkon zango game da Gajimaren Kaguwa, wato ɓaraguzan wani tauraro da ya fashe, ita ce kashi 19 cikin ɗari na haskensa na eksre da ke kaɗawa ta fuska ɗaya, ga shi mun samu 18 da ashanar da ba ta kai kuɗin tara ba.

Wannan 18 ɗin ba ta nufin komai. Ba wanda ya yi maguɗi, lissafin ma daidai yake, amma da mun kai ta baje koli da mun koya wa yara da iyayensu abin da ba haka ba. Na rubuta yadda abin ya gudana ne domin 'yan'uwana malaman kimiyya, saboda ramin da muka kusa faɗawa shi ne ainihin ramin da ya sa wani reshe na ilimin taurari ya tsaya cik shekara kusan 40.

Mafarin zancen

Wata ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare ta tayar da maganar. Mahaifinta ma'aikacin ɗaukar hoton eksre ne a wani asibiti a nan cikin gari, ta taso tana jin zancen hoton ƙirji da hoton ƙashi. Ta ga labari a waya cewa hukumar NASA ta Amurka tana da tauraron ɗan'adam mai kallon eksre da ke fitowa daga taurari, sai ta tare ni a baranda ta ce, "Malam, to wa yake kunna injin a can?"

Amsar ita ce eksre haske ne, irin wanda ido ke gani, sai dai kowace ƙwayarsa ta fi ƙwayar hasken fitila ƙarfi sau dubbai. Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus a 1895 da kwalbar lantarki, amma ba sai da inji ake samunsa ba. Duk inda iskar gas ta yi zafin miliyoyin digiri, ko elektiron ya yi gudun da ya kusa na haske yana nannaɗe layin maganaɗisu, eksre zai fito. Abin da ya sa ba ya iso mu shi ne iskar da ke saman kanmu tana shanye shi tas. Shi ya sa sai a 1962, da Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka sama da iskar duniya, aka ga eksre na farko daga wajen dangin rana, wanda aka sa wa suna Scorpius X-1.

Tambaya huɗu ake yi wa ƙwayar haske idan ta iso: daga ina kika zo, yaushe kika iso, mene ne ƙarfinki, kuma ta wace fuska kike kaɗawa. Uku na farko an daɗe da ƙwarewa a kansu. Ta huɗun ce mai wuya, ita ce kuma tauraron da yarinyar ta gani yake aunawa. Sunansa IXPE.

Don in nuna musu ma'anar kaɗawa, na ɗaura igiyar shanya a ƙarfen taga na riƙe ɗaya bakin. Idan na girgiza hannu sama da ƙasa, taguwar tana tafiya gaba amma igiyar sama da ƙasa take motsi. Idan na girgiza hagu da dama, taguwar dai gaba take tafiya, motsin ne ya canza fuska. Hasken rana da na kwan fitila gauraye suke, kowace taguwa da fuskarta, kamar jama'a a kasuwa. Amma akwai hasken da taguwoyinsa suka daidaita a fuska ɗaya, kamar an tayar da iƙama an ce a gyara sahu. Littafin karatunsu da kalmar folaraizeshan ya kira abin, mu kuwa a kulob muka riƙa cewa sahun haske, kuma sunan ya kama bakin kowa. Abu biyu ake nema a kansa: kashi nawa cikin ɗari na hasken ne ke cikin sahu, kuma ina sahun ya dosa.

Sai da na gwada tabarau bakwai a kasuwa kafin na samu mai tace sahu na gaske. Idan ka riƙe shi a gaban allon kwamfutar tafi-da-gidanka kana juya shi a hankali, allon zai yi duhu, ya koma baƙi ƙirin, sannan ya dawo, sau biyu a kowane zagaye. Yara sun yi ta karɓa hannu zuwa hannu. Mun so mu gwada da shuɗin sama, wanda shi ma yana da sahu idan ka kalli gefen da ke digiri 90 daga rana, amma hazon hunturu ya ɓata mana, bambancin da kyar ake ganinsa.

To mene ne amfanin sanin sahun eksre? Na ba su misalin gonar gero bayan hadari. Ba ka nan aka yi iskar, amma da ka ga yadda karan ya kwanta ka san ta inda ta biyo. Elektiron mai nannaɗe layin maganaɗisu yana fitar da hasken da sahunsa ya gitta layin, don haka sahu yana gaya maka yadda maganaɗisun wurin ya shimfiɗu, yawansa kuma yana gaya maka ko a tsare yake ko a hargitse. Idan a tsare yake sosai sahun na iya kai kusan kashi 70. Haka nan hasken da ya bugi wani abu ya karkato yana ɗaukar sahun da ke nuna kusurwar da ya karkata. Abubuwan da ke kewaye da baƙin rami, wato wuri a sararin sama mai tsananin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa, sun yi ƙanƙanta da nisan da babu na'urar eksre da za ta iya ɗaukar hoton siffarsu, amma sahun haskensu yana ɗauke da labarin siffar.

Dalilin ashana

Na'urar da ke cikin IXPE ɗan akwati ne mai zurfin santimita ɗaya, cike da gas. Idan ƙwayar eksre ta shiga, sai wani atam ya haɗiye ta ya tofar da elektiron, kuma elektiron ɗin ya fi son ya fita ta fuskar da hasken ke kaɗawa. Yana gudu yana barin sawu a cikin gas, ɗan gajeren layi da bai cika wuce milimita ɗaya ba, a ƙasa kuma akwai faranti mai ƙananan idanu sama da 100,000 da ke ɗaukar hoton sawun. Kwamfuta ta nemo mafarin sawun, ta auna kusurwarsa, ta ajiye. Enrico Costa da Ronaldo Bellazzini da abokan aikinsu a Italiya ne suka bayyana wannan dabara a 2001.

Kalmar da ya kamata a riƙe ita ce "ya fi son". Ba dole ba ne. Ko da hasken gaba ɗayansa a sahu yake, elektiron suna watsuwa ne, da yawa ta fuskar sahun, kaɗan a gefe-gefe. Ƙwaya ɗaya ba ta gaya maka komai. Sai ka tara kusurwoyi masu yawa ka ga ina suka fi rinjaye.

Daga nan tunanin ashana ya zo mini. Kowane tsinke da ya faɗi ƙasa gajeren layi ne mai kusurwa, daga sifili zuwa digiri 180, tamkar sawun elektiron. Muka zana layukan alli a siminti daga gabas zuwa yamma don su zama abin kwatance. Shugaban makaranta ya ce sai an kankare kawunan ashanar kafin ta shiga ɗakin da ke da tukunyar gas, muka zauna da reza muka yi. Lissafin ma bai fi ƙarfin ɗan aji biyu ba. A ninka kusurwar kowane tsinke sau biyu, a nemi kosain ɗinta da sain ɗinta. A fitar da matsakaicin kosain a ninka shi biyu, a yi wa sain haka. Sai a ɗauki lambobin nan biyu a matsayin gajerun gefunan alwatika mai kusurwar digiri 90, a nemo dogon gefen da ƙa'idar Fitagoras. Dogon gefen shi ne yawan sahu. Kusan haka masana ke yi da bayanan IXPE.

Niyyata ita ce mu fara da watsi na hargitse mu samu sifili, sannan mu ƙirƙiri sahu da gangan. Amma da 18 ta fito, kusancinta da 19 ya ɗauke mini hankali. Na bar yara suka rubuta ta da babban baƙi a kwali. Washegari shugaban makaranta ya leƙo ya gani ya ce, "Malam, wannan ita za a sa a gaba ranar baje koli." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Yarinyar nan ce ta dawo da ni hanya. Ta tsaya bayan kowa ya fita, tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Malam, ni akwai abin da ban gane ba. Ai a kwano muka girgiza su muka watsa. Ba mu jera su ba. To ina sahun ya fito?"

Na san amsar, na taɓa karanta ta, amma murna ta sa na ajiye ta gefe. Wannan laifina ne, kuma na faɗa wa kulob haka a zaman da ya biyo.

Muka sake watsa 100 har sau biyar. Muka samu 9, da 25, da 14, da 31, da 17, kuma fuskar sahun tana yawo, wannan karon ta dubi arewa maso gabas, wancan ta dubi ƙofa. Dalilin yana cikin alwatikar nan. Matsakaicin kosain yana iya fitowa sama da sifili ko ƙasa da shi, haka na sain, amma dogon gefen alwatika ba ya taɓa zama ƙasa da sifili. Duk ɗan rinjayen da sa'a ta kawo, ta kowace fuska, lissafi zai mai da shi sahu. Da tsinke 100 na hargitse zalla, matsakaicin abin da za ka riƙa samu yana kusa da kashi 18. Wato lambar da muka yi wa tafi ita ce daidai abin da babu ke bayarwa.

Masana suna da ma'auni a kan haka. A raba 4.29 da tushen murabba'in yawan ƙwayoyin da aka ƙirga. Abin da ya fito shi ne iyakar da sa'a zalla ba ta haurawa sai sau ɗaya cikin ɗari. Ga tsinke 100 iyakar kashi 43 ce. Duk abin da ke ƙasa da ita ba ka da bakin cewa ka ga sahu. Kuma na'urar gaske ba ta da kaifin ma'aunin kusurwarmu, domin sawun elektiron yana lanƙwashewa, wani lokaci kwamfuta ta ɗauki wutsiya a matsayin kai. Ingancin na'urar IXPE a tsakiyar ƙarfin da take aiki wajen 0.3 ne, kuma da shi ake ƙara raba lambar. Idan ana son a tabbatar da sahun kashi 1 cikin ɗari, sai an tara ƙwayar eksre wajen miliyan 2.

Shekara 40 na jira

Sai da yara suka ga wannan da hannunsu sannan tarihin ya shige su. A shekarar 1054 masu duban taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. Tauraro ne ya fashe. Ɓaraguzansa su ne Gajimaren Kaguwa, a nisan da haske ke shafe shekara wajen 6,500 kafin ya ratsa. A tsakiyarsa akwai ƙwallon da ya rage, faɗinsa wajen kilomita 20, kusan kwatan tafiyar Katsina zuwa Daura, amma ya fi rana nauyi, yana kuma juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Shi ke watsa elektiron masu gudu da ke haskaka gajimaren.

A 1971 wata tawaga ta Jami'ar Kolumbiya a ƙarƙashin Robert Novick ta harba roka ta leƙi Kaguwa na 'yan mintoci, ta ga alamar sahu. A cikin tawagar akwai wani matashi, Martin Weisskopf. Sannan tauraron OSO-8, wanda aka harba a 1975, ya auna abin da kyau: kashi 19 cikin ɗari, sahun a kusurwar digiri 156. Sun yi amfani da girafait, irin abin da ke cikin fensir, wanda ke mai da eksre idan ya faɗo masa a digiri 45, kuma yawan abin da yake mayarwa ya dogara da fuskar sahu. Matsalar ita ce ƙarfi ɗaya ko biyu kacal yake zaɓa, sauran ƙwayoyin duk asara. Kaguwa tana da haske sosai, sahunta kuma babba ne, shi ya sa ta aunu. Sauran abubuwan da aka duba, ƙwayoyin ba su isa a ce komai ba.

Daga nan aka shiga dogon shiru. An tsara na'urori an fasa. NASA ta soke wani shiri mai suna GEMS a 2012 saboda kuɗi. A 2018 Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin ta harba wata 'yar ƙaramar na'ura, PolarLight, da irin akwatin gas ɗin nan, ta sake ganin sahun Kaguwa. Sai ranar 9 ga Disamba 2021 rokar Falcon 9 ta ɗaga IXPE daga Fulorida, haɗin gwiwar Amurka da Italiya. Jagoran aikin a lokacin shi ne Martin Weisskopf ɗin nan, shekara 50 bayan rokar farko. Indiya ma ta bi sahu da XPoSat ranar 1 ga Janairu 2024.

Yarinyar ta tashi ta je allo ta yi wani lissafi da ban sa ta ba. A lokacin mun riga mun san cewa auna tsinke 2,000 yana cinye mana mako uku. Ta ninka ta raba, ta rubuta cewa miliyan 2 za ta ɗauke mu sama da shekara 57. Ba wanda ya yi tafi wannan karon, shiru aka yi ana kallon allon.

Kuskure na biyu

Da muka yanke shawarar tara 2,000, iyakar sa'a ta sauko zuwa ƙasa kaɗan da kashi 10, abin da muke sa ran gani kuma wajen kashi 4. Sai muka samu 13. Bugu da ƙari, fuskar ba ta yawo. Takardar kowane rukuni tana nuna arewa da kudu.

Wannan ya fi na farko daure mini kai, domin ya haura iyaka, a ƙa'ida sahu ne na gaske. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Na zauna a gefe na zuba ido ina kallon yadda suke watsawa. Ashe saboda sauri sun daina amfani da kwano. Suna tattara tsinken su jera shi a cikin kwalin ashana, mai watsawa ya tsaya a wuri ɗaya kullum, bayansa ga allo, ya kifar da kwalin daga tsayin ƙugu. Tsinken a jere yake barin kwali, wasu kuma suna isa ƙasa ba su manta da jerin ba. Sahun na gaske ne, amma na hannunmu ne.

A nan ne na fi ganin darajar aikin, domin wannan ita ce matsala ta biyu da masu IXPE suka sha fama da ita. Akwatin gas da kansa yana da ɗan son kai, yana nuna ɗan sahu ko da hasken da aka haska masa ba shi da shi. Idan abin da kake nema kashi 2 ne ko 4, ɗan wannan son kai ya isa ya ɓatar da kai. Shi ya sa suka daɗe a Italiya suna haska wa kowane akwati hasken da suka san halinsa, suna rubuta karkatarsa don a cire ta daga baya, suka kuma haɗa shi da ƙananan abubuwan gwaji da ke tafiya tare da shi a sama. Sannan IXPE madubi uku ne da akwati uku, kuma an juya kowane akwati digiri 120 daga ɗan'uwansa. Abin da ke na sama zai fito iri ɗaya a duka ukun, abin da ke na akwati kuwa zai juya tare da akwatinsa.

Muka kwaikwayi wannan. Muka dawo da kwano, muka zana wuri uku a kewayen filin da tazarar digiri 120, masu watsawa suna karɓa-karɓa. Wani mako ukun ya sake tafiya. Yara biyu sun gaji sun daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba, durƙuso a siminti cikin sanyi ba wasa ba ne. Sabon 2,000 ya ba mu kashi 4.

Sannan muka shimfiɗa asabari a ƙasa, irin na ƙofar ɗaki mai kara a jere, muka watsa a kansa. Tsinke da yawa suka gangara cikin kwarin da ke tsakanin kara. Da 500 kacal sahu ya haura kashi 60, ko ta ina mai watsawa ya tsaya fuskar ba ta motsa. Muka juya asabarin, fuskar ta bi shi. Monita ya ce, "Malam, ashe asabarin shi ne maganaɗisun." Na ce masa e, sai dai a sama sahun gitta layin yake yi, ba bin sa ba.

Abin da IXPE ya gano

Tauraron yana zagaya duniya a tsayin kilomita wajen 600, kusan daidai kan layin da ya raba duniya biyu, sau 15 a kwana, ke nan yana ratsawa ta kudu da mu. Madubansa ba sa fuskantar hasken gaba da gaba, domin eksre zai shige ne kawai. A kwance suke karɓarsa, kamar yadda yaro ke wurga sakaina ta yi tsalle a kan ruwan tafki, su tattara shi a akwatin da ke nisan mita 4.

Ya fara da ɓaraguzan Cassiopeia A a Janairun 2022, ya samu sahu ɗan kaɗan, wajen kashi 2. A Kaguwa jimillar ta fito kusa da abin da OSO-8 ya gani, amma yanzu da taswira: maganaɗisun ya naɗe tsakiyar kamar gammo, wasu sassan sahunsu ya ninka matsakaicin, wasu kuma a hargitse suke. A gajimaren Vela akwai inda ya haura kashi 60, dab da iyakar da lissafi ya yarda. A wani tauraro mai tsananin maganaɗisu, 4U 0142+61, wanda aka zuba wa ido kusan kwana 10, sahun ya juya digiri 90 tsakanin eksre mai rauni da mai ƙarfi.

Biyu ne suka fi burge ni. Na farko Cygnus X-1, baƙin rami mai nauyin rana wajen 21 da ke zuƙar gas daga tauraron da ke kusa da shi. An daɗe ana gardama a kan siffar gas mai tsananin zafi da ke fitar da eksre ɗinsa, ko dunƙule yake a sama da ramin ko a shimfiɗe. Sahun ya fito kashi 4, a miƙe da feshin da ramin ke harbawa, abin da ke nuna gas ɗin a shimfiɗe yake, yana bin faifan da ke zagaya ramin. Kashi 4, lambar da a ɗakinmu ba ta fi ƙarfin sa'a ba, a can ta raba gardama, saboda yawan ƙwayoyin da aka tara da kuma sanin halin na'urar. Na biyu a tsakiyar damin taurarinmu ne, wato babban tarin taurarin da ranarmu take ciki, inda baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4 yake kwance shiru a yau. Gajimaren gas da ke kusa da shi suna walƙiya da eksre da ba nasu ba. Fuskar sahun ta nuna daga wajen ramin hasken ya zo, yawansa ya ba da kusurwar da ya karkato, daga nan aka lissafa cewa ramin ya yi wata gajeriyar tartsatsi shekara wajen 200 kafin abin da muke gani yanzu. Amsa-kuwwar ce ke isowa.

Ranar baje koli

Na je ofishin shugaban makaranta na gaya masa 18 ba za ta tsaya a gaba ita kaɗai ba. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce iyaye suna son su ga an gano abu. Na roƙe shi ya bar mu mu jera kwali huɗu: 18 ta tsinke 100, 13 ta kwalin ashana, 4 ta bayan gyara, da 60 ta asabari, kowace da dalilinta. Ya yarda. Har yanzu ina ganin jerin nan ya fi kowace lamba ɗaya koyarwa.

Mahaifin yarinyar ya zo da la'asar, daga wurin aiki, ya tsaya ya saurari 'yarsa tun daga igiya har asabari. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, mu da muke sa rigar dalma muna ɓuya bayan bango, ashe sama ma zubo shi take?" Na ce, "Alhaji, iskar da ke kanmu nauyinta daidai yake da ruwa mai zurfin mita 10, ita ce rigar dalmar kowa. Kuma naku ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku kuna ɗaukar ƙirji da kilobolt 100 ko fiye, shi kuwa wannan daga 2 zuwa 8 yake kallo, wanda iskar ɗakin nan ma ta isa ta cinye mafi yawansa."

Ya koma gaban kwalin 18 ya daɗe yana dubawa. Ya ce su ma suna da irinta. Hoton da haske bai ishe shi ba yakan fito da ɗige-ɗige kamar tsakin gero, wanda bai ƙware ba sai ya ga tabo a huhun da lafiyarsa ƙalau. Ya tambaye ni ina Kaguwar take a sama. Na ce masa a wannan lokaci na shekara, bayan isha'i, ya nemi Kaza da 'ya'yanta, ya gangaro gabas zuwa jan tauraron nan mai haske, ya ci gaba har ƙarshen ƙahon Sa, wato gungun taurarin da ake kwatantawa da bijimin sa. Daga Katsina wurin kusan ta tsakiyar ka yake ratsawa. Na kuma gaya masa ido ba zai gan ta ba.

Da safe yarinyar ta same ni a baranda. Ta ce an ɗauke wuta a unguwarsu daren jiya, babanta ya fito da su tsakar gida har da ƙannenta. Sun ga Kaza, sun ga jan tauraron, sun bi har ƙarshen ƙahon. Wurin baƙi ne, babu komai, amma ya sa ta ta ɗaga hannu ta nuna wa ƙananan daidai inda take.